Murɗin Bahago

Talata, ƙarfe 4 na yamma

Motar Baba ta yi hayaƙi yau. Hayaƙi na ce, ba wuta ba. Ina so in rubuta abin daidai, don tun azahar ake ƙara wa zancen gishiri. Mai Walda, wanda rumfarsa ke jikin garejina, har rantsuwa yake ya ga harshen wuta, alhali yana ƙarƙashin wata motar lokacin.

Ga yadda aka yi. Baba ya shiga a-kori-kurarsa kamar kowace safiya, ya murɗa makulli don ya ji kukan inji. Ba ya tuƙi yanzu, idon ya yi rauni, amma sai ya zauna ya ɗumama ta minti biyar. Sai ƙauri ya taso daga ƙarƙashin dashbod. Ni na ciro shi, ni na fizge kan batir. Wayoyin sun narke sun manne da juna tun daga akwatin fis har bayan sitiyari.

Shekara ashirin ina riƙe da motar nan. Babu wayar da ban taɓa ba. Na ce, "Baba, ba ni kwana huɗu in zare damin wayar gaba ɗaya in sa sabo." Ya daɗe yana lalube a akwatin fis, sannan ya sa hannu a aljihu ya shige gida.

Laraba, ƙarfe 7 na safe

Auta ya kira. Ƙanena. Shi zai yi aikin.

Laraba, ƙarfe 2 na rana

Ni bakanike ne, garejina a ƙofar gidanmu yake, taku goma daga ɗakin Baba. Amma sai da aka buga waya gari mai nisa aka nemo wanda ke aiki a kamfani da fararen safar hannu. Ba ruwana. Mota tasa ce, ɗa nasa ne.

Uwar yara ta ce, "To ai hutu ka samu, maigida." Na ce wa ya gaya mata na gaji? Ta ce fuskata ce ta gaya mata.

Na ji Baba yana faɗa wa Mai Walda wai shi Baban ne da kansa ya yi wa fis ɗin karambani har abin ya faru. Ban san me ya sa ya faɗi haka ba. Na leƙa akwatin, gurbi na uku wayam. Na duba ƙasa, na duba ƙarƙashin kujera. Ba wani abu ba ne, dubawa kawai na yi.

Juma'a, ƙarfe 5 na yamma

An dawo da Baba daga asibiti. An ba da rana: Litinin, nan da mako biyu da 'yan kwanaki, ƙarfe takwas na safe za a kwantar da shi. Abin da likita ya faɗa kuma ba zan rubuta shi a nan ba.

Baba abu ɗaya ya ce da ya zauna: "A motata za a kai ni. Ba na shiga ta haya." Ya faɗa yana fuskantar ƙofa, inda Auta zai shigo.

Asabar, ƙarfe 11 na safe

Auta ya iso. Ya yi ƙiba, ya yi haske. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ba zan yi masa ƙarya ba. Jaka biyu ya zo da su, ɗaya ta tufafi, ɗaya cike da naɗin waya kala-kala kamar mai sayar da zare.

Baba ya shafa kan Auta, ya shafa fuskarsa, ya ce, "Ka rame." Wallahi bai rame ba. Ni da nake gabansa kullum, rabon da ya ce mini na rame ko na yi ƙiba har na manta.

Litinin, ƙarfe 1 na rana

Auta ya cire dashbod, ya zaro tsohon damin wayar gaba ɗaya ya shimfiɗa a kan wani faffaɗan katako. Ya kafa ƙusoshi ya bi da wayoyin tsakaninsu, kowane reshe da hanyarsa. Kowane baki ya liƙa masa farin tef ya rubuta suna: fitilar hagu, hon, birki, sitata. Ya ɗauki hoto ya fi sau hamsin. Ni ban taɓa rubuta wa waya suna ba. Na san su kamar yadda na san 'ya'yana.

Da ya kai inda na yi gyare-gyarena sai ya yi dariya. "Yaya, duk ja ce! Ya kake gane su?"

Na ce, "Mota ba ta ganin kala."

Naɗin jar waya ɗaya na saya tun shekarar da na yi aure, da ita nake yin komai, kuma motar tana tafiya. Ya ɗaga wani ƙulli ya ce kamar sheƙar tsuntsu. Baba yana zaune a kujerar roba kusa da shi, ya yi dariya har da tari. Ya karɓi ƙullin ya murza a yatsunsa ya ce, "Na Bahago ne wannan. Kowa na murɗa waya dama, shi hagu yake yi. Na buge hannun nan har na gaji."

Gaskiya ne. Da hagu nake aiki, da hagu nake naɗa tef. Amma ban ga abin dariya ba.

Talata, ƙarfe 3 na yamma

Ba ruwana. Ina da motoci uku a gabana.

Laraba, ƙarfe 10 na safe

Kujerar robar nan a bakin garejina take zama shekara huɗu, tun da Baba ya ajiye tuƙi. Yanzu ta koma gefen katakon Auta. Ba wanda ya ɗauke ta, shi da kansa ya ja ta.

Ina ƙarƙashin wata mota ina jin su. Yana ba shi labarin ranar da ya sayo a-kori-kurar, da ranar da ta maƙale a laka da lodin buhuna, da yadda Inna, Allah ya ji ƙanta, ta ƙi shiga gaba sai da aka shimfiɗa mata zane. Ina wurin duk aka yi waɗannan. Ni na tura motar a lakar, har takalmina ya tafi. A labarin yau ba a ambace ni ba, "muka tura" kawai aka ce.

Alhamis, ƙarfe 12 na rana

Auta ya zo har inda nake da wata waya a hannu. "Yaya, wannan ta fito daga bayan makulli ta ɓace a ƙarƙashin kujera. Ina ta nufa?"

Na san inda ta nufa. Ta fitilar cikin mota ce, wadda ta mutu shekara goma sha biyu da suka wuce, na yanke ta na tura ƙarƙashin kafet. Na ce, "Tambayi mitarka mana, ba ta magana?"

Ya ce, "To, Yaya." Ya koma.

Uwar yara ta ji daga tsakar gida. Da na shiga cin abinci ta ajiye kwano da ƙarfi ta ce, "Mutum da furfura a gemu yana kishi da wanda ya goya." Na ce ba kishi ba ne, tsare mutuncin sana'a ne. Ta ce, "Uhm." Na tsani "uhm" ɗin nan nata.

Kishi ne. To, na rubuta. Kishi ne, yana ci na kamar tsatsa.

Asabar, ƙarfe 4 na yamma

Auta ya sake tambayata wani abu. Na ce ina sauri.

Litinin, ƙarfe 5 na yamma

Saura mako ɗaya. Baba bai ci komai ba yau sai ruwan shayi. Wandonsa ya yi masa yawa, uwar yara ta ƙara wa bel ɗinsa huda.

Sabon damin ya haɗu a kan katako. Dole in faɗi gaskiya ko da a takarda ce: yana da kyau. Kowane haɗi ya narka masa dalma, ya sa masa rigar roba. Ya gwada kowace waya da mita daga baki zuwa baki, mitar na yin ƙara, shi kuma yana sa alama a takardarsa. Mai Walda ya bar aikinsa ya zo kallo. Ya ce, "Kai, wannan ai ko daga kamfani sai haka!" Sannan ya juyo ya ce mini, "Bahago, ka zo ka ɗauki darasi kyauta." Wasa yake. Na yi dariya. Haƙorana ne kawai suka yi.

Baba ya bi damin da tafin hannu tun daga farko har ƙarshe, ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ƙirga, sau uku ya faɗa.

Talata, ƙarfe 6 na yamma

Auta ya naɗe damin duka da baƙin tef. Gobe zai sa a mota.

Laraba, ƙarfe 6 da rabi na safe

Na riga kowa fitowa. Minti goma na yi a wurin katakon, ba su fi ba.

Laraba, ƙarfe 2 na rana

Ba wani abu ba ne babba. Na warware tef kamar tsawon tafin hannu a inda damin ya fi kauri, na feƙe waya biyu, na haɗa su da ɗan silin jan ƙarfe, na mayar da tef. Ta hon da ta fitilar birki. In ya taka birki hon ya yi kuka, shi ke nan. A yi dariya, Mai Walda ya yi dariya, a ce to a kira Bahago. In zo in gyara a minti biyar. Abin da nake so ke nan, a kira ni.

Auta ya shigar da damin, ya bi da shi ta bangon inji, ya ɗaure da maɗauri. Ban fita ba.

Alhamis, ƙarfe 5 na yamma

Ya mayar da dashbod. Baba ya ce gobe da shi za a tayar.

Juma'a, ƙarfe 10 na safe

An zaunar da Baba a gaba. Auta ya haɗa batir, ya murɗa makulli. Tas! Fis ya ƙone. Ko fitilar dashbod ba ta kawo ba. Ya sa wani. Tas!

Hon bai yi kuka ba. Ba wanda ya yi dariya.

Ba wayar hon na kama ba ke nan. Ni da ban taɓa aiki da kala ba, na ɗauka na gane su ta inda suka bi, kamar a tsohon damin. Nasa ba haka ya jera su ba. Wace na haɗa da wace, ni kaina ban sani ba.

Baba ya dafa kafaɗar Auta ya ce, "Kada ka damu, sabon aiki haka yake." Da ni ne, da na ji "Bahago, me ka yi kuma?"

Juma'a, ƙarfe 6 na yamma

Ya cire makunni ya gwada. Ya cire wayar alfaneta mai cajin batir. Ya cire fitilu ɗaya bayan ɗaya. Fis tara ya ƙona. Damin kansa bai taɓa ba, don ya gwada shi a katako da hannunsa, ya san lafiya yake.

Na yi ta wucewa ta gabansa da sifana a hannu, ina jira ya ce "Yaya." Bai ce ba. Sau biyu na kore shi, ya koyi darasi.

Asabar, ƙarfe 7 na safe

Na fito da wuri don in warware abin. Na tarar da shi a ciki, ƙafafu a waje, kai a ƙarƙashin sitiyari. Tun asuba yake nan. Ko da ba ya nan, wurin yana bayan dashbod yanzu, sai an kwance sukurori takwas.

Asabar, ƙarfe 3 na yamma

Yanzu kam Auta ya rame.

Mai Walda ya ce ko a nemi motar haya a ajiye saboda Litinin. Baba ya ce a'a. Muryarsa ba ta fita sosai, amma a'ar ta fita.

Uwar yara ta tsare ni a ƙofar ɗaki. "Ba za ka taimaka masa ba?" Na ce ba a neme ni ba. Ta dube ni ta daɗe, ta ce, "Ranar Laraba ina ka je da sassafe ba ka sha ko ruwa ba?" Na ce gareji. Ta ce, "Uhm."

Lahadi, ƙarfe 5 na yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Da hantsi Auta ya sake kwance dashbod, ya zauna a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Baba ya ce a ɗora shi a kujerar direba. Muka ɗaga shi mu biyu, ba nauyi ko kaɗan. Ya zura hannu yana bin damin a hankali, kamar mai laluben ƙaya a ƙafar yaro. Ya wuce, ya dawo. Ya sake wucewa, ya dawo wuri ɗaya. Sai ya ce, "Auta, shiga ka watsa ruwa ka ci abinci. Yayanka zai zauna da ni."

Da ya tafi, Baba ya ce, "Kawo hannunka."

Ya ɗora yatsana a kan tef ɗin. Duk naɗin ya kwanta dama, sai tsawon tafin hannu ɗaya da ya kwanta hagu. Ban taɓa tunanin wannan ba, wallahi ko kusa.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro hankici ya buɗe. Fis na uku ne, baƙi ƙirin, da silin waya a naɗe a jikinsa. Murɗin hagu. Wata uku da suka wuce fis ɗin ya yi ta ƙonewa, ina sauri, na ɗaure shi da waya na ce gobe zan nemi dalilin. Goben ba ta zo ba. Shi ya sa da waya ta yi zafi babu abin da ya yanke wutar, kuma Baba na ciki.

Ya ce, "Wannan ganganci ne, kowa na yi. Na ce ni ne, don kada masu kawo maka mota su ji. Wancan fa?"

Da bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Me ya sa ba ka ba ni aikin ba, Baba? Ina nan. Kullum ina nan."

Ya ce, "Shi ya sa. Kai kana da shekara ashirin da ni a cikin motar nan. Shi me yake da shi? Ya tafi yana yaro. Na ce bari in ba shi mako biyu." Ya numfasa. "Mako biyun ma ka ji ciwonsu."

Na durƙusa a bakin ƙofar motar na yi kuka, ni da jika a hanya. Bai shafa kaina ba. Ya ce, "Gyara. Kuma kai za ka faɗa masa, ba ni ba."

Na warware. Ashe wayar makulli na haɗa da ta ƙasa, mai zuwa jikin mota. Na raba su, na rufe kowace, na naɗe. Auta ya fito yana goge hannu, ya tarar da ni da tef. Na faɗa masa duka, har da fis ɗin. Na so ya zage ni, ko ya kai mini hannu.

Ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Na zargi makunni, na zargi batir, na zargi kaina. Yaya, ko sau ɗaya ban kawo ka a raina ba."

Ya shiga ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi.

Litinin, ƙarfe 11 na safe, a bencin asibiti

A motarsa aka kawo shi. Auta ya tuƙa, Baba na gefensa, ni ina baya da jaka da bargo. Ta gilashin baya ina ganin Baba yana taɓa komai, ya danna hon, ya kunna sigina, yana murmushi.

A bakin ƙofa ya riƙe hannun Auta da damansa. Na tsaya da jaka. Sai ya miƙo hagunsa baya, bai juyo ba, ya ce, "Bahago, ina kake?" Na kama.

Allah ya yafe mini, har muka kai ƙarshen barandar ina lura da wanda ya fi damƙewa.

Laraba, ƙarfe 9 na safe

Baba bai farka ba. Allah ya ji ƙansa.

Juma'a, ƙarfe 4 na yamma

Mutane sun cika ƙofar gida. An kwashe motocin garejina don a shimfiɗa tabarmi. Wani ya zauna a kujerar robar, na ce ya tashi.

Alhamis, ƙarfe 8 na safe

Auta ya koma bakin aikinsa yau. Kafin ya tafi ya ajiye makullin a kan teburin kayan aikina, tare da takardar da ya zana hanyar kowace waya da kalarta. Ya ce, "Ko za ka buƙata, Yaya." Na ce ya kira in ya sauka. Ya ce to. Ban sani ba ko zai kira.

Na shiga don in ɗumama ta minti biyar, kamar yadda ake yi mata. Ina buɗe ƙofa fitilar cikin mota ta kawo. Shekara goma sha biyu tana mace. Wayar da ya tambaye ni na ƙi faɗa masa, ya bi ta da kansa har ya gano.

Aikinsa ya fi nawa. Da can ko da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba, don kada Baba ya ji. Yau na faɗa da ƙarfi a cikin motar, na juya wajen kujerar gefe, na sake faɗa.